Kalifar birkin babur ta fara riƙewa: a gyara ta, a sayi sabuwa, ko a nemi ta hannu?

Babur mai birkin faifai yakan nuna alama tun kafin birkinsa ya ci amana. Ka ɗaga gaban ka juya taya da hannu, maimakon ta yi zagaye biyu ko uku sai ta tsaya kafin ta cika ɗaya. Ka yi 'yar tafiya ba ka wani matsa birki ba, amma ka kai hannu kusa da faifan ka ji yana huci. Fad ɗin (takalmin birki da ke gogar faifai) da aka sa kwanan baya ya cinye ta gefe guda, ɗayan kuwa kamar jiya aka saka shi. Idan aka kai wa bakanike, sau da yawa abin da za a ji shi ne "kalifar ce ta mutu", wato wannan dunƙulen ƙarfen da ke rungume da faifai yana matse shi. Daga nan mai babur yana da hanya uku: a kwance ta a sa mata sabbin robobi, a sayo sabuwa, ko a nemo ta hannu wadda aka cire daga wani babur.

Kafin a zaɓi ko ɗaya, a tabbatar laifin nata ne. A matsa hannun birki sau biyar ko shida da ƙarfi, a saki, a juya taya. Idan ta riƙe, a sa sifana, yawanci lamba 8, a ɗan sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifar. In mai ya yi tsartuwa kuma taya ta saki nan take, kalifa ba ta da laifi: matsi ne ya maƙale a sama, ko dai 'yar ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta a masta (famfon mai da ke jikin hannun birki) ta toshe da datti, ko tiyo ya ruɓe ta ciki ya zama yana barin mai ya sauka amma ba ya bari ya koma. In kuwa an sassauta notin taya tana nan a riƙe, to matsalar tana jikin kalifa. Wannan gwaji na minti biyu ya isa ya hana mutum sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babu wani sifirin a cikin kalifa da ke janye fistin baya, wato ƙarfen nan da mai ke turowa ya matse fad. Aikin wata roba ce mai kusurwa huɗu da ke zaune a kwarmin jikin kalifa, wadda kanikawa ke kira sil. Idan an matsa birki, fistin ya fito, robar sai ta ɗan lanƙwashe ta bi shi. Da an saki, sai ta koma yadda take ta jawo fistin baya da ɗan abin da bai kai rabin milimita ba. Wannan 'yar tazarar ce kaɗai ke raba fad da faifai. A gaban wannan sil akwai na biyu, siriri, wanda aikinsa tare ƙura da ruwa. Ƙurar hunturu, ruwan damina, da ruwan injin wanki da ake harba wa kalifa kai tsaye, duk ta nan suke shiga. Ruwa ya kwanta a kwarmin, alminiyon ya fara fitar da wani farin gari kamar kanwa a bayan robar, garin ya tura robar waje, robar ta shaƙe fistin. Mafi yawan kalifar da ake cewa ta mutu, wannan ne ciwonta, kuma magani gare shi.

Shi ya sa za mu fi daɗewa a kan hanya ta farko, domin ko da a ƙarshe ba ita za a bi ba, sai an buɗe kalifar ake sanin wadda ta dace.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: sil na mai da sil na ƙura ga kowane fistin, robobin fil idan kalifar irin mai zamewa a kan fil ce, washa biyu na tagulla sababbi don notin tiyo, gwangwanin man birki wanda ba a taɓa buɗewa ba (mililita 250 ya wadatar da faifai ɗaya har da rara), siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, da giris na silikon ko jan giris ɗin roba. Sil kuwa da girman fistin ake sayensa, don haka a auna fistin da ma'auni, kada a yi da ido. Girman da aka fi gani a babura shi ne milimita 25.4, 27, 30, 32 da 34, kuma akwai kalifa mai fistin huɗu da ke ɗauke da girma biyu a jiki ɗaya.

Tun kalifa tana ɗaure a jikin babur ake fara sassauta fil ɗin da ke riƙe fad, da notin fitar da iska, da notin tiyo, kowanne a ɗan motsa shi a mayar. Idan an riga an cire ta, ba wurin da za a riƙe a samu ƙarfin kwance noti mai tsatsa. Bayan haka a cire kalifar daga mazauninta, a zare fad, amma a bar tiyo a jone, domin hannun birkin ne zai turo fistin waje. A riƙa matsawa sannu a hankali ana ƙara mai a kofin masta kada ya ƙafe. In fistin biyu ne ko huɗu, mai sauƙin zai riga fitowa ya bar mai taurin a ciki, kuma da ya faɗo matsi ya tafi ke nan. Sai a tare mai saurin da ɗan katako ko tsohon fad har mai taurin ya kamo shi, a kai su duka bakin fita, sannan a kwance tiyo a ƙarasa zare su da yatsa. Wanda ya riga ya cire tiyo zai iya amfani da iskar kwamfiresa, da sharaɗin ya sa katako da tsumma a gaban fistin, ya kuma janye yatsunsa, don fistin yakan fito da ƙarfin da zai karya yatsa.

Abu ɗaya da ke kashe fistin mai lafiya shi ne a kama bayansa da filaya ana murɗawa. Haƙorin filaya zai bar tabo a daidai inda sil ke gogawa, kuma wannan tabo ba ya gyaruwa.

Yanzu ne ake yanke hukunci. A wanke fistin da man birki da tsumma mai laushi, ko tsohon buroshin haƙori, a duba shi a rana. Baƙin zoben da ke bakinsa yawanci ƙurar fad ce da ta daskare, kuma tana fita. Idan bayan wanki jikinsa ya fito sumul, farce ya bi ta kai bai maƙale ba, fistin yana da sauran rai. Idan akwai ramukan tsatsa, ko farin rufin da ke kansa ya fara ɓarewa a sashen da ke wucewa ta cikin sil, ya gama aiki. Tsatsar da ta tsaya a can bakin waje, inda ba ya komawa ciki ko da an sa sabon fad, ba ta da illa sosai. Kada a yarda a goge ramukan da sanfefa mai kaushi: tana cire rufin da ke kare ƙarfen, ta rage kaurin fistin, bayan 'yan makonni tsatsa ta dawo fiye da da, mai kuma ya fara tsiyaya kan fad.

Ramin da fistin ke zama ba shi ke riƙe mai ba, don haka ɗan dushewa a bangonsa ba abin damuwa ba ne. Kwarmin sil shi ne wurin dubawa. A zare tsofaffin robobi da tsinken roba ko na katako, a kankare farin garin nan har kusurwoyin kwarmin su fito fes. Wannan aiki ne mai cin lokaci, yakan kai minti ashirin a fistin ɗaya, kuma a nan ne gyaran gaggawa ke faɗuwa, domin sabon sil a kan tsohon datti zai riƙe fistin kamar yadda tsohon ya yi. Idan bayan an tsabtace an ga gefen kwarmin ya ci, ya zama bai da kaifi, ko akwai tsaga a jikin kalifa, ko tiredin notin fitar da iska ya lalace, ko notin ya karye a ciki, to gyara ya ƙare, sai a koma hanya ta biyu ko ta uku.

Wanki da fetur, kananzir ko gas haramun ne a wannan aiki muddin roba za ta taɓa wurin. Robar birki irin da ake kira EPDM ce, tana jure man birki amma duk wani mai da ya fito daga fetur yana kumbura ta. Hakan ya shafi baƙin giris na yau da kullum da man inji. Ruwan sabulu mai ɗumi ya isa ga jikin kalifa, a ɗauraye, a busar sarai, a hura kowace kafa. Sabon sil a jiƙa shi da man birki, a zaunar da shi ba tare da ya murɗe ba, a shafa wa fistin mai, a tura shi a miƙe da manyan yatsu biyu. Fistin da ya ƙi shiga da ƙarfin hannu yana faɗa maka ne cewa ya karkace ko kwarmin bai tsabtatu ba. Guduma ba ta da aiki a nan.

Yawancin ƙananan babura kalifarsu mai zamewa ce: fistin yana gefe ɗaya, jikin kalifa kuma yana zamewa a kan fil biyu don ya jawo ɗaya fad ɗin. Idan fad na gefen fistin ne kaɗai ke cinyewa, fil ne suka bushe. A zare su, a goge, a duba ko sun lanƙwashe ko sun yi gaɓa, a shafa giris na silikon kaɗan, a sa sabbin robobi. Giris mai yawa yakan toshe iska a ramin fil ya hana shi komawa. Kalifa mai fistin a gefe biyu, irin ta manyan babura, ba ta da fil na zamewa, amma wasu ɓari biyu ne aka haɗa da noti, da 'yar roba a tsakani. In ba a samu sabuwar wannan roba ba, kada a raba ta.

Ribar wannan hanya a fili take. Kalifar da kamfani ya sa wa babur, ko ta Nissin ce da ake gani a yawancin baburan Honda, ko Tokico ta Suzuki da Kawasaki, ko ByBre da ke kan wasu baburan Bajaj, an auna ta ne da mastar wannan babur da nauyinsa. In jikinta lafiya yake, sabbin robobi suna mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ba. Rauninta biyu ne. Na ɗaya, tana buƙatar bakanike mai haƙuri da wuri mai tsabta, ba ƙasa a bakin titi ba inda iska ke kwaso yashi. Na biyu, samun sil na ƙwarai daidai girma ba kullum yake da sauƙi ba. Zoben roba mai zagaye da wasu ke cusawa a madadin sil mai kusurwa zai iya tare mai na ɗan lokaci, amma ba zai janye fistin ba, kuma ba a san da irin robar da aka yi shi ba.

Sabuwar kalifa kashi biyu ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ta asali daga kamfanin babur ba ta da abin zargi sai tsada, da wahalar samu ga tsohon babur. Wanda kalifarsa ta tsage ko kwarminta ya ci, kuma aljihu zai ɗauka, ita ce amsarsa. Kashi na biyu su ne masu araha marasa suna da suka cika shagunan kayan gyara, waɗanda kan zo a haɗe da masta da tiyo da mai a ciki. Suna da amfaninsu: ga ƙaramin babur mai sisi 125 ko 150 wanda ainihin kalifarsa ma irin wannan ƙirar ce, sau da yawa suna zama daidai kuma aikin bai wuce awa guda ba. Sai dai a sani cewa ingancinsu ba ɗaya ba ne ko a kwali guda. Akwai wadda rufin fistin ɗinta siriri ne har damina ɗaya ta isa ta sa shi tsatsa, akwai wadda fil ɗinta ke rawa tun tana sabuwa, fad ɗin da ke zuwa da su kuma yawanci na jeka-na-yi-ka ne. Man da ke ciki ma ba a san iri ko shekarunsa ba, gara a zubar a sa sabo.

Babban haɗarin wannan kashi shi ne kama da ido. Kalifa biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma abu huɗu su bambanta: tazarar ramukan ɗauri, inda fad ke sauka a kan faifai, tiredin notin tiyo, da girman fistin. Fad ya kamata ya kwanta gaba ɗaya a kan hanyar faifai. In ya leƙo sama da bakin faifai, sashen da bai taɓa ba zai zama tudu, ranar da tudun biyu suka haɗu kuwa sai a matsa birki fad ya matse fad, faifai yana wucewa. Tiredi kuma iri biyu ne masu kama da juna, M10 mai tazarar 1.25 da M10 mai tazarar 1.0. Na kuskure zai shiga zagaye biyu ya cije, wanda ya ƙarasa shi da ƙarfi ya kashe sabuwar kalifa. Girman fistin shi ne ya fi ɓuya. Daga milimita 25.4 zuwa 27 faɗin fuskar fistin ya ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari, zuwa 30 kuwa kusan kashi 40. Mastar da aka yi don ƙaramin fistin za ta buƙaci doguwar tafiya kafin ta cika babba, hannun birki ya yi laushi har ya kusa taɓa kan babur. In aka yi akasin haka, hannun zai yi tauri kamar itace amma kamun ya ragu. Duk mai zuwa sayen sabuwa ya tafi da tsohuwar a hannu, a jera su a auna.

Ta hannu, wadda ake ce wa 'yar Beljiyam, ita ce mafita ga manyan baburan Japan da na Turai waɗanda sabuwar kalifarsu ta asali ta fi ƙarfin yawancin mutane. Ƙarfenta na asali ne, girmanta daidai in an dace da samfurin babur da shekararsa. Amma kada a ɗauke ta a matsayin abin da za a ɗaura a hau. Ta yi wata da watanni, wataƙila shekaru, a ajiye da tsohon mai a cikinta, a ƙasashen sanyi kuma ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin alminiyon. Ma'ana kuɗinta na gaskiya shi ne farashinta haɗe da na sabbin robobi da ladan aikin da aka bayyana a sama. A wurin saye a gwada abu uku: notin fitar da iska ya motsa, fistin ya koma ciki da matsin hannu ko na ɗan katako, kunnuwan ɗauri kuma ba tsaga ba alamar walda, domin da yawansu daga baburan da suka yi haɗari aka ciro su.

In aka jera su ukun, ra'ayinmu shi ne: kalifar asali mai lafiyayyen jiki da fistin mai kyau, a gyara ta, ko da mai shago ya ce sabuwa ta fi sauƙi. Jiki lafiya amma fistin ya yi ramuka, a nemi fistin da sil, in ana samunsu. Jiki ya lalace a ƙaramin babur na haya ko na zirga-zirgar gari, sabuwa mai araha za ta yi, bayan an auna ta an kuma sauya mata fad da mai. Jiki ya lalace a babban babur mai gudu, ta asali ko ta hannu da aka sake wa robobi. Mai araha marar suna ba ta da gurbi a gaban babur mai nauyin kilo 200.

Kowace aka zaɓa, mai da ɗauri ɗaya ne. Irin man da aka rubuta a murfin kofin masta, wato lambar DOT, shi za a zuba. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Selshiyos, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuwa 260. Dukansu suna shan danshin iska, kuma idan ruwa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, waɗannan lambobi suna saukowa zuwa 140, 155 da 180. Dalilin ke nan da ake sauya mai duk shekara biyu, kuma wannan ruwan ne ke cin fistin ta ciki. Ukun nan suna gauraya da juna, amma DOT 5 na silikon ne, mai launin shunayya, ba ya haɗuwa da su sam, kamannin suna kada ya ruɗi kowa. Man birki yana cin fenti, a rufe tanki da tsumma, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take.

Washa na tagulla sau ɗaya ake matse su, ɗaya sama ɗaya ƙasan kan tiyo. A yawancin baburan Honda notin tiyo yana ɗaukar Nm 34 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), fil ɗin fad wajen 18, notin fitar da iska kuwa 6 kacal, wato ɗan matsi da yatsu biyu a kan gajeriyar sifana. Yawan ɗaure wannan ƙaramin noti ne ke sa ya karye a gyara na gaba. Notocin da ke riƙe kalifa a jikin babur sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, a bi littafin babur, a kuma sa maganin hana kwancewa in littafin ya ce a sa.

Wajen fitar da iska, a sa tiyo a kan notin, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. A matsa hannun birki a riƙe, a buɗe notin kwatan zagaye, a rufe kafin a saki hannun. A maimaita har mai ya riƙa fitowa garau ba kumfa, ana lura da kofi kada ya sauka ƙasa da layi. Kalifar da aka kwance gaba ɗaya takan yi gardama domin babu komai a cikinta sai iska. Sirinji babba cike da mai, a tura daga notin ƙasa zuwa sama, yana gajarta aikin tunda iska dama sama take so. In har yanzu da ɗan laushi, a ɗaure hannun birki a matse da igiyar roba ya kwana, da safe a ɗan bubbuga tiyo. A babur mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an matsa birki, duk lokacin da za a tura fistin baya a buɗe notin fitar da iska, don tsohon mai ya fita waje maimakon ya koma cikin na'urar.

Fad da ya sha man birki ba ya wankuwa, na yarwa ne, haka wanda naman jikinsa ya sauko zuwa milimita ɗaya da rabi ko layin da ke tsakiyarsa ya ɓace. Faifai kuma yana ɗauke da iyakarsa a rubuce, MIN TH da lamba a gaba, misali 3.5 ga wanda ya fito da kaurin milimita 4. A goge shi da abin da ba ya barin maiƙo kafin a mayar da kalifa. Kafin a tayar da inji a matsa hannun birki har ya yi tauri, a riƙe shi da ƙarfi na rabin minti ana duba ko zai nutse ko wani wuri zai jiƙe. Sannan a fita wurin da ba cunkoso a yi tsayawa goma zuwa goma sha biyar daga gudun kilomita 40 ko 50, ba da cikakken ƙarfi ba, ana barin tazara don faifai ya huce. A dawo a ɗaga gaba a juya taya: ɗan sautin gogar fad ba komai ba ne, amma ta yi zagaye ba tare da an tilasta mata ba. Washegari a sake shafa yatsa ƙarƙashin notin tiyo da bakin fistin a ga ko akwai danshi.